Ƙayar Dabino da Tsinken Wili

Yalwawa, Dutse
6 ga Janairu

Zuwa ga Baffa Idirisu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga ɗanka Nata'ala, da fatan kana lafiya, kai da Inna Lauratu da yara, da fatan zaman Fatakwal yana yi muku daɗi. Mu nan sai godiya. Gwiwar Hajiya ta yi sauƙi, har jiya ta taka da ƙafarta zuwa gidan suna a bayan layinmu, ta dawo tana kushe miyarsu. Ka san mahaifiyarka, in ta fara kushe miyar mutane to lafiya ta samu.

Na ɗauki biro ne saboda ka toshe lambata. Saƙonka ya iso ni ta bakin Abdulrauf, ƙanin Inna Lauratu da ka damƙa wa makullin mota: wai bakina ya fi hankalina gudu, in ina da magana in sa ta a takarda, ko rubutu zai rage mini sauri. To ga ta a takarda. Zan ba Gana direba, tunda yana sauke riɗi a wajenku.

Maganar dabinon tsakar fili ce, wanda motar marigayi Alhaji Barau take kwana a gindinsa. An ce ka ce a sare shi, wai ƙayarsa ce take huda tayoyin motar mahaifinka, wai kuma bishiya ce da tun da aka dasa ta ba ta taɓa haihuwa ba. Baffa, namiji ne. Me kake so ya haifa? Na san ka bar Dutse tun kana saurayi, amma ban zaci nisan ya kai sai jikan ƙanin mahaifinka ya zauna ya rubuta maka wannan ba.

Matan dabinon suna fadama. Su ne abin da babana ya bar mini, da su nake ci nake sha. Duk shekara idan suka buɗe fure, sai in hau wannan namijin in yanko nasa, in tsattsaga shi sili-sili, in bi matan ɗaya bayan ɗaya in cusa a tsakiyar furensu in ɗaure. In ba a yi haka ba, 'ya'yan su fito a tsumbure su zube. Kuma ba kowane namiji ke yi ba. Wannan Alhaji da kansa ya ɗauko shi yana ƙarami daga Agadas. Shekarar da ya makara da fure na roƙo na wani, dabinon ya fito duk ƙwallo, naman kamar shafa shi aka yi. Da nasa kuwa kai ma shaida ne, shi ne wanda Hajiya take aiko muku kuna tambaya ko wani ne ya dawo daga Umara.

Na san filin naka ne, gado ya faɗo maka da shi da abin da ke tsaye a kansa. Ban ce nawa ba ne. Cewa nake ba shi da laifi.

Motar nan ba irin ta yanzu ba ce. Wilinta mai tsinkaye ne irin na keke, kowane tsinke ya huda ƙarfen ya leƙa ciki, shi ya sa dole sai da tiyub. Ban gama sakandare ba, amma Turancin da na koya wa kaina da ƙamus ya ishe ni in karanta abin da masu irin waɗannan tsofaffin motoci suke rubutawa, kuma bakinsu ɗaya: irin wannan wili daga ciki yake cin tiyub. Akwai ɗamarar roba da ake zagayawa a rufe kawunan tsinkayen. In ta mutu, ƙarfe da tsatsa su yi ta gugar tiyub har ya ɓule. Yaushe rabon da wani ya leƙa ɗamarar nan? Tun Alhaji yana da rai.

Na ce wa Abdulrauf ya ba ni gudumar tagullar da ake kwance wilin da ita. Ya ce, "Kai da hawa bishiya aka san ka." Na ce masa shi kuma da me aka san shi, ban da kaɗa makullin motar da ba ta ubansa ba. Ina jin wannan ce ya kawo maka. Na faɗa, ban musa ba.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Wili ɗaya, yini ɗaya, in buɗe kowa ya gani.

Ka gaida Inna Lauratu da yara.

Ɗanka,
Nata'ala


Fatakwal
17 ga Janairu

Ɗana Nata'ala,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same mu lafiya, Lauratu tana amsawa. Na ji daɗin labarin gwiwar Hajiya. A ci gaba da hana ta tsugunno a bakin murhu, ko da za ta zagi kowa.

Na karanta sau biyu. Rubutu bai rage maka sauri ba, sai dai ya hana ka katse ni, wannan ma ci gaba ne.

Batun namiji na ji. Na manta, kuma ba zunubi ba ne mutum ya manta abin da ya bari tun kafin a haife ka. Amma maza ba su ƙare a Dutse ba.

Kai kana maganar dabino, ni ina maganar uwata. In Allah ya kai mu ƙarshen Maris zan ajiye aiki in dawo gida. Abu ɗaya Hajiya ta roƙe ni: in kai ta Jahun wajen ƙanwarta a motar mijinta, ta zauna a kujerar da ta saba zama. Ka san abin da ya faru bara da aka gwada. Taya ta sace a tsakiyar hanya, aka ciro safaya ita ma a sace, tsohuwa ta zauna a kan dutse a bakin titi cikin rana, masu wucewa suna tsayawa ɗaukar motar hoto. Ba zan sake jin wannan labarin ba.

Abdulrauf ya turo mini hoton ƙayar da mai faci ya zaro daga tayar baya. Ƙaya na gani da idona. Tsinkenka kuwa karanta shi ka yi.

Ba zan ba ka gudumar ba. Ban manta rediyon Hajiya ba, da ka buɗe za ka gyara, tun ranar bai sake cewa uffan ba. Kayan motar nan ba a samunsu ko a Kano. Kada kuma ka ce a matsar da ita, ka fi ni sanin ƙanƙantar filin, kuma Hajiya ba za ta yarda ta kwana a inda ba ta hango ta daga ƙofar ɗakinta ba.

Ga abin da na yanke. Ka riƙa share gindin bishiyar, ka rage rassan da suka sunkuyo. In motar ta kai dawowata ba ta yi faci ba, dabino ya zauna. In ta sake yi ko sau ɗaya, na riga na gaya wa Abdulrauf ya kira masu injin yanka itace, ba sai ya sake tambayata ba.

Ka kuma neme shi ka ba shi haƙuri. Ya girme ka, kuma ƙanin matata ne.

Baffanka,
Idirisu Barau


Yalwawa, Dutse
29 ga Janairu

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida mutanen gidan. Hajiya ta yi 'yar mura ta warke. Ta ce a gaya maka murhun nata ne, gwiwar ma tata ce.

Haƙuri na bayar. Na same shi a ƙofar gida na ce, "Yaya Abdulrauf, Baffa ya ce in ba ka haƙuri." Ya ce wannan ba haƙuri ba ne, isar da saƙo ne. Na ce iyakar abin da aka aiko ni ke nan.

Shara kuwa safe da yamma. Na rage rassan, na aske ƙayoyin na ƙasa da wuƙa, hannuna duk zane. Yanzu ko jariri ka kwantar a gindin dabinon nan ba abin da zai soke shi.

Amma Baffa, wane irin hukunci ne wannan? Ka ɗaure ran bishiya a jikin tayar da ka hana a duba. Tayar za ta sace ko na lashe filin nan da harshena, domin abin da ke cinta yana cikinta. Wannan ai ba jarrabawa ba ce, ranar yanka kawai ka ɗaga.

Ka ce karanta tsinken na yi. To yanzu na gani. Tsohon tiyub ɗin da aka cire bara, Hajiya ta ajiye shi za a yi mata guga da shi. Na karɓo kafin a yanka, na hura shi na jujjuya. Facin da ke jikinsa duk a ciki suke, ta gefen da yake rungume da ƙarfe, a jere, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce tazarar tsinkayen. Gadon bayansa, inda yake kallon ƙasa, ko ƙwarzane babu. Ƙaya daga ƙasa take zuwa. Sai dai in ƙayar dabinon nan tana da wayon da za ta shiga taya ta yi sallama, ta zagaya ta bayan gida, sannan ta soki ciki.

Na je wajen mai facin ma. Ya ce ƙayar a kaurin taya ya same ta, ko rabi ba ta shige ba, Abdulrauf ya ce ya miƙo a ɗauke ta hoto. Na ce to ramin a ina yake? Ya ce ba wanda ya tambaye shi, shi liƙewa ake kawo masa.

Kuma ka san me? Ranar Talata surukin naka ya zo da mai walda suna auna filin, wai rumfar kwano za a yi wa motar kafin ka dawo, ya burge ka. Na tsaya ina kallon igiyar awon. Ta tsakiyar dabinon ta bi. Mutumin da ya riga ya auna wurin, shi ka ba alƙalancin ko bishiyar za ta zauna.

Batun rediyo, a mace na same shi, kuma lokacin ko gemu ban fara ba. Har yaushe za a yi ta yi mini shari'ar rediyon nan?

Batun Hajiya a kan dutse kuma, kada ka ba ni labari. Kai a waya ka ji. Ni ne na bi su da a-daidaita-sahu na ɗauko ta, ni na ga yadda ƙafarta ta kumbura, lokacin da mai makullin yana can inuwa yana amsa tambayoyin masu hoto. In aka sare dabinon aka bar wilin yadda yake, za ta sake zama a kan dutsen nan, sai dai wannan karon kana tsaye a gefenta.

Namijin ya fara kumburo fure, ya kusa tsagewa, matan ma haka. Ina sake roƙonka, wili ɗaya. In na buɗe na tarar da ɗamarar lafiya, ka yi yadda ka so da ni.

Na karanta takardar nan na ga wuraren da ya kamata in goge. Na sake dubawa na ga gaskiya ne, na bar su. Ka yafe.

Ɗanka,
Nata'ala


Fatakwal
8 ga Fabrairu

Ɗana Nata'ala,

Bayan sallama da gaisuwa, muna lafiya, sai hidimar miƙa ofis da ta sha mini kai. Ka gaida Hajiya, ka ce mata na ji, na bar mata murhunta.

Takardarka ta ba ni haushi, na ajiye ta a aljihu na tafi aiki. Ina zaune a ofis maganar facin da ke jere a cikin tiyub ta yi ta dawo mini, sai ga Alhaji a idona. Duk shekara kafin faɗuwar damina yakan shimfiɗa tabarma, ya kwance wilin nan ɗaya bayan ɗaya, ya fitar da taya da tiyub. Ni nake riƙe masa wilin. Ya bi kawunan tsinkayen da yatsa, wanda ya yi tsini ya goge shi da zarto, ya kankare tsatsa ya shafa fenti. Idan ya bushe ya yanko sabuwar ɗamara daga tsohon tiyub ya zagaya. Ya sa hannu ya lalube cikin tayar, ko ɗan tsakuwa ba ya bari, ko takardar kamfani da ake mannawa a ciki sai ya ɓare ta. Sannan ya aike ni in sato hodar Hajiya. Ya baɗe tiyub ɗin da ita fari fat don kada ya manne ya naɗe, ya ɗan hura shi kafin ya cusa. Duk shekara sai sun yi faɗa a kan hodar nan. Ka tambaye ta.

Kuma duk wannan a gindin dabinon nan muke yi, ƙaya tana zuba a kanmu, ban taɓa jin ya zarge ta ba. Ban san yadda aka yi wannan ya fita daga kaina ba.

Ka buɗe, ba ɗaya ba, duka biyar har da safaya. Ka yi a hankali da gudumar, kuma ka lura, na gefe ɗaya hagu ake juya su, na ɗaya gefen dama. Ka nuna wa Abdulrauf wannan takarda ya ba ka kayan aikin, ya kuma ga cewa na janye maganar sara. Batun rumfa ban san da ita ba, zan yi masa magana in na zo.

Lambarka tana nan a toshe sai na ga aiki. Na lura ka fi ma'ana a rubuce.

Baffanka,
Idirisu Barau


Yalwawa, Dutse
5 ga Maris

Baffa,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya. Hajiya lafiyar jiki tana nan.

Takardarka ta iso shekaranjiya waccan. Injin motar Gana ya buga a Lakwaja, ya yi makonni a can yana jiran kaya, takardar tana cikin aljihun rigarsa. Ya kawo mini ita da hannu biyu yana ba ni haƙuri. Na karanta ta a zaune a kan kututturen.

Na san Abdulrauf ya gaya maka an yi. Ban san yadda ya gaya maka ba, don haka ga yadda aka yi.

Tsakiyar watan jiya namijin ya tsage fure, ya yi kyau irin wanda ya daɗe bai yi ba. Na yanko na farko da sassafe na tafi fadama. Da na fita na duba tayoyin, ta gaba ta hagu ta ɗan yi laushi. Na ce bari in gama da matan da suka buɗe in dawo in hura ta kafin wani ya gani. Da azahar na dawo ɗaukar wani furen. Tun daga bakin layi na ɗaga kai inda na saba ganinsa, sai sarari. Na zaci layi na ɓata.

Sun tura motar waje, sun kayar da shi ta gefen katanga, har sun fara gunduwa-gunduwa da gangar jikin. Filin a share tas, sawun tsintsiyata yana nan a ƙasa. Abdulrauf yana tsaye da hannu a aljihu. Ya ce, "Umarni aka ba ni. Ga tayar can, je ka gani." Na ce, "Ka nuna mini ƙayar." Ya ce ba a ce sai ya nuna wa kowa komai ba.

Na kira ka a wurin. Na kira, na sake kira, wata mata tana ta gaya mini ba a samun mai lambar. Janye maganar da ka yi tana aljihun Gana a Lakwaja. Kana da waya a hannu, Baffa. Abdulrauf ba ka toshe shi ba. Umarnin sara a waya ka ba shi, numfashi ɗaya. Janyewar ce ka ga ta dace da motar riɗi.

Abin da na gaya wa surukinka a ranar ba zan rubuta ba, kuma wannan karon kada ka aiko a ce in ba da haƙuri.

Hajiya tana gidan gaisuwar rasuwa aka yi. Da ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe. Ta ce wa Abdulrauf, "Kai yaro, wanda ya dasa shi ka sani?" Ya ce Baffa ne ya ce. Ta ce, "Shi ma na san wanda ya haife shi." Ta shige ɗaki. Tun ranar ta sa an saki labulen ƙofarta, ba ta hango motar, ba ta hango wurin.

Wilin na buɗe jiya da yau, tunda ka ce. Abdulrauf ya karanta takardarka, ya ajiye gudumar a ƙasa ya tafi. Ɗamarar ta farko ina taɓa ta ta ruguje a hannuna kamar busasshen ganye. A ƙarƙashinta tsatsa ce jawur, kawunan tsinkaye a tsaye kamar haƙoran zarto. Duka biyar haka. Na bi yadda ka rubuta, ban tsallake komai ba. Na je zan sayo hoda Hajiya ta kira ni ta miƙo tata ta bayan labule. Da la'asar aka ɗana motar a hanyar Jahun aka dawo, tayoyin suna nan kamar dutse. Za ka kai ta wajen ƙanwarta lafiya in Allah ya so. Don ita na yi, ba don kai ba, gara in faɗa maka.

Kada ka ce za ka dasa mini wani. Ya tsufa, ya daina fitar da 'ya'ya a gindi tun ina yaro, babu abin da za a cira a dasa. Baɗi zan bi gonakin mutane ina roƙon fure kamar kowa, in samu dabinon da kowa yake samu.

A ranar dai, kafin masu injin su kai ga kansa, na shiga cikin rassan na yanke duk furen da ya rage, wanda ya tsage da wanda bai tsage ba. Na shanya su a ɗakina. Sun ishe ni na bi matan duka, kuma sun kama.

Lokacin da za su nuna kana gida. Zan kawo maka kwando har ɗaki. Ka ci a hankali, ka ba yara su ɗanɗana su san yadda yake, domin daga na bana babu irinsa kuma.

Nata'ala